Minti Ashirin a Ƙarƙashin Allura

Maɓalli tela ce. Tun tana 'yar shekara goma sha uku allura ke hannunta, amma sai bayan ta haihu ta san abin da ƙyalle yake ji idan an shimfiɗa shi a tebur ana tsattsira shi.

Mijinta ne ya laƙaba mata sunan. Malamin lissafi ne a wata sakandare, dogo, mai kunya, wanda ya taɓa zuwa shagonta da riga a hannu wai maɓalli ya tsinke. Bayan kwana uku ya dawo da wata rigar, ita ma haka. A zuwa na huɗu ta duba zaren ta ga yankan reza ne, sai ta ɗago ta ce, "Malam, rigunan naka sun kusa ƙarewa. Ka faɗi abin da ke tafe da kai." Ya yi dariya har gilashinsa ya zame. Ya ce ita ce maɓallin da zai riƙe masa rayuwa kada ta buɗe sanyi ya shiga. Wace mace ce za ta ji wannan zuciyarta ba ta narke ba? Ta aure shi, suka tare a hawa na uku na wani dogon gini, ɗaki biyu da 'yar baranda. A shekara ta uku ta haifi 'ya mace mai dunƙulallen hannu, kamar ta zo duniya da wani abu da ba ta son a gani. Suka riƙa kiranta Dunƙule.

Ciwon bai zo da ihu ba. A hankali ya shigo, kamar wani ya rage wa duniya lagwani. Maɓalli takan dubi jaririyar a cinyarta ta ji ba ta jin komai, sai ka ce ɗinkin wani ne aka bar mata aka ƙi zuwa karɓa. Takan shiga banɗaki ta saki famfo don kada a ji kukanta. Keken ɗinkinta ta lulluɓe shi da tsohon zane, ko kallonsa ba ta son yi. Da aka kai ta asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana samun mata da yawa, kuma ana warkewa. Ya rubuta mata wata 'yar farar ƙwaya, ɗaya kowace safiya.

A nan Yaya Babba ta shigo maganar. Ita ce yayar Malam, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau idan ta yi gyaran murya sai ya gyara zama. 'Ya'yanta uku duk maza ne, sun girma sun watse, sun bar ta a gida mai ɗaki biyar, ba motsin kowa sai na agogon bango. Ranar da aka haifi Dunƙule ta ɗauke ta, ta shinshina kanta, ta ce, "Wannan tamu ce tsaf. Ba ta ɗebo komai daga waje ba." Kowa ya yi dariya, har da mai jegon.

"Ni ba zan zauna ina gani a fara nuna matar ƙanina da baki ba," in ji Yaya Babba. "Akwai wata mata da ke magani da tsira allura, hikimar mutanen Sin. Ni zan riƙa kai ki duk Talata. Ke dai naki ki warke, amaryarmu."

Maɓalli ta fashe da kukan godiya. Ba ta da uwa, ba ta da 'yar'uwa mace, sai tsohon mahaifinta. Ta ce a ranta ashe Allah bai manta da maraya ba.

Wurin yana saman wani kantin takalma. Ana hawa ta wata siririyar matattakala a tarar da ɗan falo mai kujeru huɗu, da ɗakuna biyu da aka raba da katako. A bango akwai zanen mutum tsaye, jikinsa duk ɗige-ɗige kamar taswirar taurari. Mai Allura gajeruwar tsohuwa ce mai sanyin hannu, ba ta da doguwar gaisuwa.

"Harshe," ta ce.

Maɓalli ta zaro harshe. Tsohuwar ta duba, sannan ta ɗora yatsu uku a wuyan hannunta na dama, ta koma na hagu, ido a rufe kamar mai sauraren magana ta bayan ƙofa.

"Kina shan maganin asibiti?"

"Ai shi muke so mu rabu da shi," in ji Yaya Babba. "Abin kunya, a ce..."

"Ba ke na tambaya ba, Hajiya." Ta juya ga Maɓalli. "Kada ki kuskura ki daina. Allurata 'yar rakiya ce kawai."

Yaya Babba ta zazzage leda a tebur, kwalabe tara na ƙwayoyin ƙarin lafiya da ta saya. Mai Allura ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana karantawa, ta ture bakwai gefe, ta bar man kifi da wani bitamin. "Su ma sai likitanki ya yarda, tunda kina shayarwa. Ciki ba rumbu ba ne." Ta ce ta riƙa fita da safe ta yi tafiyar rabin awa rana ta taɓa fuskarta, ta ci ƙwai da kifi da wake da ganye, ta bar shayi daga la'asar, waya kuma ta kwana a falo. Daga nan ta jawo aljihun tebur ta miƙa mata ƙaramin littafi mai baƙin bango.

"Layi biyar kullum. Barci, abinci, tafiya, magani, zuciya. A layi na biyar ki rubuta gaskiya ko da baƙa ce ƙirin. Ni zan karanta, daga nan nake sanin inda zan sa allura. Abin da ya sauka a takarda ya rage nauyi a ƙirji."

Sai kuma dokarta, wadda ta ce shekara talatin ba ta taɓa karya wa kowa ita ba. Allura goma sha biyu, da ƙarfi take ƙirga su idan tana sawa, da ƙarfi take ƙirga su idan tana cirewa. Tsakanin nan minti ashirin, ƙofa a rufe, ba waya, ba jariri, ba ɗan rakiya, ba motsi. "In kin motsa allura ta lanƙwashe a nama, jikinki ne zai gaya miki."

"Kawo yarinyar nan," in ji Yaya Babba, tana miƙa hannu. "Kawo jakar kayanta ma. Je ki kwanta, 'yar gata."

Alluran sirara ne kamar gashi. Ɗaya a tsakanin gira, ɗaya a tsakar ka, biyu a kunnuwa, huɗu a hannuwa, huɗu a ƙafafu. Tsohuwar ta kifa agogon yashi a kan taga, ta ja ƙofa. Maɓalli ta kwanta tana kallon yashin yana zuba, hawaye na gangarawa cikin kunnuwanta, kuma karo na farko cikin wata huɗu ba wanda yake buƙatar komai daga wurinta.

Ta riƙe littafin da gaskiya, yadda take riƙe awon mutane. Ga irin abin da ta rubuta a makonnin farko:

"Zuciya: Yau ta yi kuka na toshe kunne da matashi."

"Zuciya: Ina jin da wata ce ta haife ta da ta fi jin daɗi."

"Zuciya: Na tsaya a baranda da ita a hannu, sai wani tunani ya ce in kin sake ta fa? Na koma ɗaki da gudu na kulle ƙofa."

Da Mai Allura ta karanta wannan ba ta ko ɗaga gira ba. Ta ce irin wannan tunani yana faɗo wa uwaye da dama, kuma firgitar da ta yi ita ce shaidar inda zuciyarta take, amma lalle ta gaya wa likita. Ta gaya masa, shi ma abin da ya ce ke nan.

Abu ɗaya ne tsohuwar ba ta taɓa tambaya ba, wato inda littafin yake kwana. Tun da Maɓalli ta haihu jaka ɗaya take ɗauka, jakar Dunƙule. A cikinta kayan sauyi suke, da hoda, da katin asibiti, littafin kuma a aljihun gefe. Duk Talata idan an gama karantawa takan mayar da shi wurinsa, ta miƙa jakar da jaririyar ga Yaya Babba, ta shiga ta kwanta minti ashirin. An ba kura ajiyar nama, mai naman har da godiya.

Sauƙi ya zo yadda ciwon ya zo, a hankali. Ko ƙwayar ce, ko alluran, ko tafiyar safe a gefen filin ƙwallo tana tura keken jarirai, ko dai duka ne suka haɗa hannu, ba ta sani ba. A mako na biyar tana yi wa Dunƙule wanka sai ƙamshin kanta ya buge ta, ta tsaya da soso a hannu kamar wadda aka kira sunanta cikin kasuwa. A na shida yarinyar ta kama mata ɗan yatsa da dunƙulallen hannun nan ta ƙi saki, Maɓalli ta ji dariya ta fito daga bakinta, baƙuwar dariya mai tsatsa. A na bakwai ta yaye zanen da ke kan keken ɗinki, ta zuba masa mai, ta ɗinka 'yar riga ruwan ƙwai mai maɓallai biyar a baya.

"Zuciya: Ina son ta. Wayyo Allah, ina son ta. Ashe son yana nan, ni ce na yi nisa."

A mota kuwa Yaya Babba ba ta rasa abin faɗa. "Yau dai kin tuna kin sa mata hula, barka." Ko kuma, "Kin yi kyau, amaryarmu. Wanda bai sani ba sai ya rantse lafiyarki ƙalau." Maɓalli takan yi murmushi, ta ce a ranta bakinta ne haka, amma cikinta fari ne.

Malam ma ya canza. Almakashinta babba ya ɓace daga kan keke, ta neme shi ta gaji, ya ce bai gani ba. Ya sa kwaɗo a ƙofar baranda wai saboda sauro. Idan ta ɗauki Dunƙule ta nufi kicin sai ya yi wuf ya karɓe ta, "Kawo, ke huta." Yakan daɗe yana kallon wayarsa, ya ɗago ya dube ta da jajayen idanu. Ruwa ba ya tsami banza, amma mai ƙishin ƙauna ba ya tsayawa ɗanɗano. Ita duk ta ɗauka tausayi ne. Har ta rubuta, "Malam yana kula da ni kamar ƙwai."

Talata ta goma ya ce ya ɗauki hutu zai raka su. Daɗi ya kama ta kamar ranar da ya fara kawo riga. Ta sa kwalli, ta ɗaura ɗankwalin da ya fi so, ta sa wa Dunƙule rigar ruwan ƙwai. Da Yaya Babba ta buɗe bayan mota, Maɓalli ta hango bahon wankan yarinyar da wani akwati.

"Yaya, bahon fa?"

"Ya tsage. Sabo zan sayo mata, sai in nuna musu girman."

A falon Mai Allura ta sumbaci goshin 'yarta, ta miƙa ta ga ubanta, ta miƙa jaka ga Yaya. Malam bai dube ta ba. Ta ɗan taɓa masa hannun riga ta ce, "Wannan maɓallin na rawa. In mun koma ka tuna mini." Ya gyaɗa kai.

"Goma sha ɗaya. Goma sha biyu," in ji Mai Allura. Ta kifa agogon yashi, ta ja ƙofa, ta shiga ɗaya ɗakin wurin wani mai ciwon baya.

Bangon katako ba ya riƙe sirri. Da fari raɗa ta ji, sannan muryar Yaya Babba ta fito sarai.

"Tashi mu je. Minti ashirin ne kawai muke da shi."

"Yaya, a bari ta fito in gaya mata da bakina."

"Da bakinka? Kai da ko kaza ba ka iya kora? Ta yi maka hawaye biyu ka narke. Ka manta baranda, Auta? Hawa uku ne. Ka lissafa, ai kai ne malamin lissafi."

Kujera ta yi ƙara. Takalma suka fara sauka. Dunƙule ta tsala kuka, kukan yana nisa, matattakala bayan matattakala.

Maɓalli ta dubi yashin, ko sulusi bai zuba ba. Abin da ba za ta taɓa yafe wa kanta ba shi ne ba ta tashi nan take ba. Mako goma tana bin doka, doka ta shiga jikinta. Ta yi kwance tana ja numfashi ɗaya, biyu, uku, tana ce wa kanta iska za su sha, yanzu za su dawo. Sai ta ji tashin mota.

Ta diro daga gadon. Alluran ƙafafunta suka karta nama kamar an zuba mata garwashi, ba ta tsaya ba. Ɗankwali yana kan kujera, takalma suna ƙarƙashin gado. Ta banke ƙofa, ta sauka tana dafa bango, ta faɗo titi da rana tsaka, kai ba ɗankwali, ƙafa ba takalmi, allura a goshi tana rawa, allura a tsakar ka, allurai a kunnuwa suna ƙyalli.

"Malam! Malam, 'yata! Ku tsaya!"

Motar tana ƙoƙarin juyawa. Ta cim mata, ta riƙa dukan gilashi da tafin hannu. Ta ji ƙarar kulle ƙofofi. Yaya Babba ba ta yi gaggawa ba. Ta ja birki, ta ɗauko waya, ta saita ta a fuskar Maɓalli, ta riƙe cak kamar mai ɗaukar hoton biki.

Masu sayen takalma suka fito, wata da takalmi ƙafa ɗaya. Masu wucewa suka yi cirko-cirko.

"Mahaukaciya ce?"

"Kai, dubi kanta! Wa ya kafa mata ƙusoshi?"

"Bushiya ta shigo gari," in ji wani, aka kwashe da dariya.

Ita ba ta ji su ba. Mijinta take kallo a kujerar baya. Ya ɗago, idonsu ya haɗu, ta nemi mutumin da ya yanke maɓallan rigunansa huɗu saboda ita, ba ta same shi ba. Tsoro ta gani tsagwaronsa. Ya sa tafin hannu ya rufe fuskar Dunƙule don kada ta ga uwarta. Motar ta ja.

Mai Allura ce ta keto taron ta kama ta, ta zaunar da ita a bencin gwada takalma. Ta soma cire alluran, ba ta bar ƙirga ba. "Ɗaya. Biyu. Ku matsa mana, ba wasa ake yi ba! Uku." Ta goma sha biyun ta lanƙwashe a bayan ƙafa kamar ƙugiyar kifi. Da ta zare ta jini ya biyo.

"Me ya faru? Me suka ce?"

"Baranda," in ji Maɓalli. "Sun san maganar baranda."

Tsohuwar ta ce, "Ina kike ajiye littafin?"

"A jakar Dunƙule."

Mai Allura ta zauna daɓas a ƙasa, a gaban mutane, ta dafe kai. "Da bakina nake ce miki ki miƙa jakar."

Da la'asar Maɓalli ta isa gidan Yaya Babba, ƙafa ɗaure da bandeji. Ba a hana ta shiga ba. Yaya tana zaune a doguwar kujera, Malam yana gefe kamar ɗalibin da aka kira ofis, littafin kuma yana kan tebur, an naɗe kusurwar wasu shafuka. Ta ƙofar da ke buɗe ta hango wani ɗaki, an yi masa fenti ruwan hoda, ga gadon jarirai, ga gwangwanayen madara jere. Ko warin fenti babu. Ya daɗe da bushewa.

Ta durƙusa. "Yaya, don girman Allah."

"Tashi, amaryarmu, ƙafarki. Ba wanda ya yi fushi da ke. Ciwo ai ba laifi ba ne." Muryar kamar zuma. "Tun mako na biyu nake tura wa Auta hoton shafukan nan. Na so in ɓoye, amma amana ce. In wani abu ya faru me zan ce wa Allah?"

"Malam, ka buɗe gaba. Ka wuce inda aka naɗe. Ka karanta na mako na bakwai, shi kaɗai nake roƙo."

Ya ɗauka. Ya buɗe. Ta ga laɓɓansa suna motsi a kan "ina son ta", ta ga hawaye ya ɗiga a gilashinsa, zuciyarta ta yi tsalle kamar tsuntsun da ya ga an buɗe keji.

"Wancan na mako uku da suka wuce ne," in ji Yaya Babba. "Ga na yau."

Ta danna waya ta ajiye a kan littafin. Wata mata ta cika fuskar wayar, gashi a tsaye, ido waje, ƙarafa a goshi, tana dukan gilashi tana ihu. Maɓalli ta kalla. Ita kanta da a titi ta gamu da matar nan da ta tsallaka wancan gefen.

"'Yata kuka ɗauka," ta ce a hankali. "Wace uwa ce za ta kwanta?"

"Mai hankali takan sa takalmi."

Malam ya cire gilashi ya goge. "Na yarda kin ji sauƙi. Wallahi na yarda. A ce kashi casa'in da tara cikin ɗari kin warke. Saura ɗaya fa? Ɗayan nan ba zan iya ɗora 'yata a kansa ba, baiwar Allah."

Baiwar Allah. Haka ake kiran matar da aka taka wa ƙafa a mota.

Yaya Babba ta jero sharuɗɗa, da ma a shirye suke. Za ta koma gidan mahaifinta ta huta. Za ta ci gaba da magani da allura da tafiyar safe, ai don lafiyarta ake yi. Duk Juma'a ta kawo littafin a duba. In mako ya fita fes, za ta ga yarinyar awa ɗaya, a falon nan. Daga ciki Dunƙule ta farka ta soma kuka, nan take nono ya kawo, ya jiƙa wa Maɓalli gaban riga har ƙasa. Ta yunƙura. Yaya ta riga ta miƙewa, tana girgiza kwalbar madara.

"Zauna abinki. Gara ta saba tun yanzu. Wa ya san abin da ƙwayar nan ke zubawa a nono?" A bakin ƙofa ta juyo ta nuna wata leda. "Af, ga kwalaben nan bakwai da matar can ta ƙi. Tafi da su, yanzu ai ba shayarwa kike ba."

Mai Allura ta kira Malam sau uku, Yaya ce ta ɗauka. "Ke da kika mai da ita bushiya ce za ki ba da shaida?" Likita ya rubuta takarda cewa tana samun lafiya kuma raba ta da 'yar zai iya mayar da hannun agogo baya. Yaya ta ce likita minti goma yake ganinta a wata, su kuwa da idonsu suka gani.

Bayan mako biyu, ranar Talata, Maɓalli ta hau matattakalar ita kaɗai, tana ɗingishi. Ba jaka, littafin a hannu. Mai Allura ta buɗe. Barci: lafiya lau. Abinci: lafiya lau. Zuciya: lafiya lau. Shafi goma sha huɗu, rubutu tsaf kamar ɗinkin keke.

"Harshe."

Ta duba. Ta ɗora yatsu uku a wuyan hannun da ya rame, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Kin gan ta?"

"Ranar Juma'a. Awa ɗaya. Da aka miƙo mini ita kuka ta yi, ta juya tana neman Yaya." Ta faɗa ba hawaye. "Yaya ta ce littafina ya yi kyau. Ta ce in na ci gaba haka za a ƙara mini rabin awa."

Tsohuwar ta jawo aljihun tebur ta fito da sabon littafi da ɗan makulli. "Wancan nasu ne, ki rubuta musu abin da suke so. Wannan a nan zai zauna a kulle. Ba ya fita ɗakin nan. Ki gaya masa gaskiya, 'yata, kada ta ruɓe miki a ciki."

Maɓalli ta dubi farin shafin. Ta karɓi biro. Ta daɗe tana juya shi a yatsunta, sannan ta rubuta kalma biyu ta mayar. Mai Allura ta karanta: lafiya lau.

Ta hau gadon ta kwanta, ba ta cire takalma ba, ba ta cire ɗankwali ba, ta dai tura shi baya kaɗan. Tsohuwar ta yage takardar allurai.

"Ki sa ko'ina," in ji Maɓalli. "Amma ban da ƙafafu."

Mai Allura ta ware allura huɗu gefe. Ta fara ƙirga, muryarta ƙasa-ƙasa, ta tsaya a takwas. Ta kifa agogon yashi, ta kama hannun ƙofa.

"Bar ta a buɗe."

Shekara talatin ba ta taɓa yi ba. Ta bar ta a buɗe. Maɓalli ta juya ido wajen falon, ta kasa kunne, duk jikinta a shirye. Kujeru huɗu ne a wurin, ba kowa a kansu.